Askin gida: Kilifa ɗaya, kai shida, ina aka bar wanzami?

Daga cikin kayan da suka shiga gidajen karkarar Kano a 'yan shekarun nan ba tare da an yi musu shela ba, akwai kilifa mai caji. Ta biyo sahun fitila mai caji da 'yar rediyo da wayar hannu. Ana sayo ta a Kasuwar Sabon Gari ko a hannun 'yan tebur ranar kasuwa, a kai ta shagon cajin waya ta sha wutar sola, da yamma a shimfiɗa tabarma a tsakar gida a jera yara. A gari irin Toranke, ɗaya daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Ajingi a Masarautar Gaya, magidancin da ya yi wannan dabara bai yi laifi ba. Ya ma kyauta. Sai dai akwai gyara a yadda ake yin abin, kuma gyaran ba ƙarami ba ne, domin ya shafi jini.

Kuɗi ne ya fara kawo maganar. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Shagon aski a inda wutar lantarki ba ta da tabbas, janareta ne ransa. Da mai ya tashi sai aski ya tashi, kuma babu mai ganin laifin mai shago, shi ma iyali gare shi.

A ɗauki misalin magidanci mai 'ya'ya maza biyar, shi ne na shida. A ce kowane kai Naira 300 ne, a ce kuma sau biyu ake aski a wata. Naira 3,600 ke nan duk wata, 43,200 a shekara. Ko da a kan Naira 20,000 ya sayi kilifarsa, cikin wata shida ta mayar da kuɗinta. Ga manomin da kuɗi ba sa shigo masa sai da kaka, wanda yake auna gero da wake ya kai kasuwa kafin ya sayi sabulu, wannan lissafi ba ya buƙatar dogon bayani. Ko ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashin Jihar Kano, Naira 71,000, ya san inda dubu uku da ɗari shida za su yi masa amfani.

A ƙasashen Turai da Amurka sai da annobar korona ta rufe shaguna a 2020 sannan mutane suka tuna cewa ana iya aski a gida, har suka riƙa ɗora hotunan kawunan da suka ɓata a Facebook ana dariya. A ƙasar Hausa kuwa askin gida ba baƙo ba ne. Shagon aski ne ma baƙon.

Da can wanzami ne ke zuwa har gida. Kowane gida da wanzaminsa, wanda ya gaji gidan daga ubansa, kamar yadda ya gaji zabira da aska da ƙaho da ƙoshiya. Yakan zo zaure ya yi wa maigida aski da gyaran fuska, a kira yara ɗaya bayan ɗaya. In an haihu shi ne mai askin suna ranar bakwai, in yara sun isa shi ne mai kaciya lokacin sanyi, in jiki ya yi nauyi shi ne mai ƙaho. Ba kullum ake biyansa a take ba. Da kaka yake samun daminsa na gero ko dawa, ranar suna kuma yana da nasa kaso na nama da tukuici. A fada akwai Sarkin Aska da ke shugabantar masu sana'ar. Askar kanta maƙeri ne ke ƙera ta, kuma ƙasar Gaya ta fi kowa sanin wannan, tun da tarihin baka ya nuna daga Gaya maƙeran nan Abagayawa suka tashi suka je Dutsen Dala neman tama, kafin Kano ta zama birni.

Mata kuwa ba su taɓa fitar da gashinsu daga gida ba sai kwanan nan. Kitso, tsifa, wankin kai, duk a tsakar gida ake yi, tsakanin uwa da 'ya, ko kishiya da kishiya in ana zaman lafiya, ko a aika a kira makitsiya. Saboda haka abin da kilifa mai caji ta canja ba wurin askin ba ne. Hannun da ke riƙe da ƙarfen ne ya canja: daga na wanda ya gaji sana'ar zuwa na uba, ko yaya, ko ma uwa.

Bayan kuɗi, hujja ta biyu da masu askin gida suke kafawa ita ce lafiya. Suna cewa kilifar shago ta bi kan mutum talatin a yini, ba a san abin da kowa yake ɗauke da shi ba. Gaskiya ne, amma rabin gaskiyar ke nan.

Cutar da mutane suka fi tsoro a wajen aski ita ce mai karya garkuwar jiki. Wadda ya kamata a fi tsoro ita ce ciwon hanta nau'in B. Babban binciken da Gwamnatin Tarayya ta gudanar a faɗin ƙasa a 2018 ya gano kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar wannan cuta, wato kusan mutum ɗaya a cikin kowane 12. Masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki a binciken ba su kai kashi 2 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a wajen jikin mutum aƙalla kwana bakwai, kuma a tsawon wannan lokaci tana iya kama wanda ta shiga jininsa. Ma'ana, ɗan jinin da ya bushe a haƙoran kilifa ranar Juma'a, wanda ido ba ya ko gani, yana nan da ƙarfinsa har Alhamis mai zuwa.

Mugun halin cutar shi ne shiru. Mutum zai yi shekara ashirin ko talatin yana noma, yana aure, yana haihuwa, bai san yana da ita ba. Ranar da ta bayyana sai a ga ido ya yi rawaya a ce shawara ce, a yi ta jiƙe-jiƙe; ciki ya kumbura a ce sammu ne; kafin a kai shi Babban Asibitin Gaya, daga can a tura shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, hanta ta riga ta ƙandare ko sankara ta kama ta. Ta kuma fi yi wa yara illa: jaririn da ya kamu, kusan 95 cikin 100 cutar takan zauna masa har girma, alhali babban da ya kamu, ƙasa da 5 cikin 100 ne take zaunar wa.

Ba aski ne babbar hanyarta ba, kada a ɗora wa masu aski abin da ba nasu ba. Ta fi bi daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa, da kuma tsakanin yara ƙanana masu cuɗanya da juna. Amma duk ƙarfen da ke fitar da jini ya koma jikin wani hanya ce, ko reza ce, ko askar yankan farce, ko allura, ko kilifar da aka wasa bakinta don ta fitar da layin goshi.

A nan ne hujjar masu askin gida take da rami. Idan mutum ɗaya cikin 12 yana ɗauke da cutar bai sani ba, to babu abin da ya ce ba maigidan ne da kansa ba. Gidan Bahaushe kuma ba mutum uku ba ne. Ga maigida, ga ƙannensa, ga 'ya'yansa da 'ya'yan 'yan'uwa, ga almajirin gida, ga maƙwabcin da zai aiko a ara masa kilifa kuma kunya ba za ta bari a hana ba. Kilifar da aka sayo don a guje wa shago, cikin wata biyu ta zama shagon unguwa, sai dai ita ba a biya, kuma ba mai goge ta. Mai shago ko banza yakan zuba sifirit don idon kwastoma. A gida wa zai tsaya? Ai duk jini ɗaya ne, in ji masu magana. Ƙwayar cuta ba ta san zumunci ba.

Ga kuma makero, wanda duk malamin firamare a Ajingi ko Gaya ya san shi a kawunan ɗalibansa: fararen tabo masu zagaye, gashi ya kakkarye a wurin. Kilifa da mataji da hula su ne motarsa. Yaro ɗaya ya kwaso shi a makaranta, aski ɗaya ya isa a raba wa sauran huɗun. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne makeron kai ba ya jin man shafawa kaɗai, domin cutar tana cikin tushen gashin. Sai an haɗa da maganin sha na makonni, wanda ma'aikacin lafiya zai rubuta. Kankare wurin da reza har ya yi jini a shafa baƙin mai ko ruwan batir, kamar yadda wasu ke yi, ƙara wa yaron ciwo ne kawai.

To yaya za a yi? Abin ba shi da wuya, kuma ba shi da tsada. Reza dai ta mutum ɗaya ce, aski ɗaya, a jefa ta a masai, ba a bola ba inda yara ke tsince-tsince. Kilifa kuma, tsakanin kai da kai, a sa tsohon buroshin haƙori a kakkaɓe gashin da ya maƙale, don maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya ratsa datti. Sannan a jiƙa bakin da sifirit sosai a bar shi ya bushe da kansa. Idan an ga jini, a kwance bakin a wanke da sabulu, a tsoma shi a ruwan bilic, awo ɗaya na bilic da tara na ruwa, na minti goma, a ɗauraye, a shanya, a ɗiga masa man keken ɗinki don kada ya yi tsatsa. Abin nan da ake gani a wasu shaguna, a watsa fetur ko kananzir a kyasta ashana wuta ta yi bal ta mutu cikin daƙiƙa biyu, kwalliya ce. Yana dakushe ƙarfen, kuma ba ya ba da tabbacin komai.

Mai makero ko ƙurji a kai shi ne na ƙarshe a layi, ba na farko ba. Yara kuma ba sa buƙatar a fitar musu da layi mai kaifi. Saisaye da robar nan da ake saƙala wa bakin injin ya wadatar, ƙarfe bai taɓa fata ba balle ya yanka. Yawancin yankan da ake samu a goshi ne da bayan kunne da ƙeya, wurin da mai askin yake son ya nuna ya iya. Hausawa sun ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. A nan har ya fi haɗari. Ƙurajen ƙeyar nan masu tauri da ke addabar samari da yawa, waɗanda ke zama tabo mai tudu, yawan kankare wurin yana ƙara tunzura su.

Akwai waɗanda askin gida ya zame wa dole tun kafin a ƙirƙiro kilifa mai caji, wato almajirai. A tsangayu da yawa, ranar Alhamis da babu karatu, yara ne ke yi wa juna ƙwal-kwabo, sau da yawa da reza ɗaya da aka raba biyu, ta bi kai biyar ko goma. Duk mai son yin sadaka ga makarantar allo a Toranke ko Balare ko Gafasa, bayan hatsi da tabarma, ya tuna da kwalin reza, ko kilifa biyu da kwalbar sifirit, ya kuma zauna da alaramma ya yi masa bayanin dalili. Malaman nan ba sa ƙin abin da zai kare yaran da aka ba su amana. Ba a dai cika zuwa musu da maganar ba.

Wani amfanin askin gida da ba a faɗa a fili shi ne yana mayar wa uba da iko a kan kan ɗansa. Rigimar askin banza ta daɗe a Kano. An sha ganin jami'an Hisbah suna tare samari suna aske musu kai saboda sun bar tuluwar suma a sama sun kankare gefe, kuma malamai suna kafa hujja da hadisin Abdullahi ɗan Umar da ya zo a Bukhari da Muslim, wanda ya hana aske wani sashe na kai a bar wani. Ko me mutum ya ɗauka game da hukuncin, aske wa baligi kai a bakin titi jama'a na kallo tozarci ne, kuma ba ya gyara tarbiyya. Wurin wannan magana tsakar gida ne, tun yaro yana shekara bakwai, yana zaune tsakanin gwiwoyin ubansa. Kuma a riƙa tunawa, kakannin masu faɗan nan da zanko da tukku aka rene su. Kowane zamani da askinsa. Uban da ya bar wa ɗan shekara goma sha biyar 'yar suma daidai misali, bai fita daga addini ba, kuma ya fi samun kan yaron fiye da wanda ke yi masa ƙwaryar molo don horo.

Sai dai duk wannan ribar akwai wanda ke biyan kuɗinta. Wanzami ya riga ya rasa samari, shago ya ƙwace su. Ya fara rasa kaciya, asibiti da ma'aikatan lafiya sun karɓa. Yanzu kilifa mai caji tana ɗauke masa yara, ta bar shi da dattawan da suka saba da aska da kuma ranar suna. Matashin da ya ci bashi ya buɗe shago da kujera ɗaya da madubi shi ma yana gani a aljihunsa. A ƙaramar hukumar da ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 174,137, wadda kusan kowa manomi ne kuma aikin rani ba ya isar kowa, duk sana'ar da ta mutu, wani saurayi ne ya kama hanyar Kano ko Legas ko Abuja ci-rani.

Ba za a ce wa talaka ya ci gaba da biyan abin da zai iya yi da hannunsa don a raya sana'ar wani ba. Amma akwai tsaka-tsaki da wasu 'yan birni suka daɗe da ganowa: kayan aikin naka, hannun na gwani. Mutum ya sayi kilifarsa ya riƙa zuwa da ita shago, ko ya ajiye askarsa a gida wanzami ya zo ya yi aiki da ita. Yara a yi musu saisaye a gida, maigida da manyan samari su je wurin mai sana'a don gyaran fuska da askin Sallah. Mai askin da ya ɓata rai don an zo masa da kilifa daga gida, ya tambayi kansa ko zai yarda a yi wa ɗansa aski da wadda ta bi kan baƙo yanzun nan. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Duk alhajin da ya je Mina ya ga yadda ake yi. Hukumomin Saudiyya suna gargaɗin mahajjata kowace shekara da su je wurin masu aski masu lasisi, waɗanda ke buɗe sabuwar reza a gaban mutum su jefar bayan an gama. Ibada ce ake yi, amma ba a ce tawakkali ya isa ba. Abin da aka yarda da shi a Mina bai kamata ya zama abin jin kunya a zauren Toranke ba.

Wuri ɗaya da bai kamata ɗan koyo ya sa hannu ba shi ne askin suna. Kan jariri ɗan kwana bakwai, da maɗigarsa a buɗe da fata kamar takarda, ba wurin gwada sabuwar kilifa ba ne. A bar wa wanzami, amma uban jariri ya sayo sabuwar reza ya miƙa masa, ya tsaya ya ga an wanke hannu da sabulu. In an zo maganar cire belu kuwa, ya ce a'a cikin ladabi. Likitoci sun daɗe suna bayanin cewa belu ba cuta ba ne, kuma yanke shi na jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Wanzamin ya karɓi tukuicinsa cikakke kamar ya yi, don kada kuɗi su zama dalilin nacewa.

Kafin ma a kai ga ranar suna akwai abin da ya fi askin muhimmanci. Tun 2004 Najeriya ta sa allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B a cikin alluran yara na yau da kullum, kyauta. Ta farko ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, sauran kuma a sati na 6 da na 10 da na 14 cikin allurar nan mai haɗe da rigakafin cututtuka biyar. Matsalar ita ce yawancin haihuwa a karkarar Kano a gida ake yi, al'ada kuma ba ta son a fita da jariri kafin suna. Ta haka ake rasa allurar farko, wadda ita ce ke tare cutar daga uwa. Yaron da ya samu alluransa cikakku, ko kilifa ta yanke shi, yana da garkuwa. Manya kuma gwajin jinin ɗigo ɗaya ne daga yatsa, sakamako ya fito cikin mintuna. Wanda ba shi da cutar ya yi rigakafi, wanda yake da ita ya ware kayan askinsa ya fara ganin likita.

Sashen lafiya na Ƙaramar Hukumar Ajingi ba ya buƙatar jiran wata ƙungiya daga waje kafin ya yi wani abu a kan wannan. Wanzamai suna da shugabanni, kuma suna jin kiran hakimi da dagaci. Su ne kuma mutanen da ake fara sanar wa in an haihu, tun kafin ma'aikacin asibiti ya ji labari. Da za a tara wanzaman Toranke da na sauran mazaɓun tara a yi musu bitar yini ɗaya, a ba kowa kwalin reza da safar hannu, a kuma ɗora musu aikin tura duk jaririn da aka haifa zuwa asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a ranar da aka haife shi, da an ba tsohuwar sana'a sabon aiki. Ana bikin Ranar Yaƙi da Ciwon Hanta ta Duniya kowace 28 ga Yuli, tsakiyar damina lokacin da kowa yana gona. Bitar wanzamai ta fi dacewa da bayan kaka, kafin sanyi ya shigo a fara kaciyar yara.